Filin tseren Riverside: yadda gari ya biyo shi har cikin daji, ya cinye shi

Gabas da birnin Los Angeles a jihar Kalifoniya ta Amurka, tafiyar kusan kilomita 100, akwai wani gari da ake kira Moreno Valley, kuma a bakin babbar hanya mai lamba 60 da ta ratsa garin akwai wani katafaren rukunin shaguna da aka buɗe a 1992. Inda wannan gini yake, da wajen ajiye motocinsa, da unguwannin da ke kudu da shi, nan ne filin tseren motoci na Riverside International Raceway ya zauna daga 1957 zuwa 1989. Shekara 32 kenan. Yau ko taku ɗaya na kwaltar filin ba za ka samu ka taka ba, amma har yanzu dattawan da suka yi kallo a wurin in an ambaci sunansa sai ka ga hira ta ɓalle ba tsayawa, wasu ma da ba a haife su ba lokacin suna ta neman tsofaffin hotuna suna ɗora taswirar filin a kan taswirar garin ta yanzu don su gane wace kwana ce ta koma wane layi.

Na zaɓi Riverside ne cikin filaye da yawa da suka ɓace a Amurka saboda lamarinsa a fili yake, kana iya bin sa tun daga tushe ka ga yadda abin ya faru, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne motar da ta kawo filin ita ce dai ta kawo abin da ya kashe shi.

Lokacin da aka gina shi wurin daji ne, busasshiyar ƙasa mai duwatsu da ƙura, ga zafi, ga iska. Ƙauyuka uku ne a kwarin, Edgemont da Sunnymead da Moreno, sai sansanin sojan sama na March a gefe wanda jiragensa sun fi kowace motar tsere ƙara. Wani mai gidan abinci a Los Angeles, Rudy Cleye, shi ya ɗauko aikin, da kuɗi suka yanke masa wani attajiri mai son tseren motoci John Edgar ya zuba nasa aka ƙarasa. Dalilin zuwa can ɗin ba ɓoyayye ba ne, ƙasa araha ce, fili sama da eka 500, kuma babu maƙwabcin da zai ce an hana shi barci. A watan Satumba na 1957 aka yi tseren farko, kuma a ƙarshen makon nan na farko direba ɗaya ya rasa ransa, tun daga nan kowa ya san wurin ba na wasa ba ne.

Filin ba zagayayye ba ne irin waɗanda aka fi sani a Amurka inda mota ke ta juyawa hagu kawai. Hanya ce mai kwana hagu da dama, da hawa da gangara, tsawonta in an bi dogon zagaye kilomita 5 da ɗan ɗori, wanda motocin NASCAR, babbar gasar Amurka ta motoci masu siffar na hawan yau da kullum, ke bi kuma wajen kilomita 4.2. Daga farawa akwai wasu kwanoni a jere masu lanƙwasa kamar tafiyar maciji suna hawa tudu har kwana ta 6, nan ne ake gane direba, don in ka kuskure ta farko duk sauran sun lalace maka kuma gefen hanya ba ciyawa ba ce, rairayi ne da duwatsu, taya ɗaya ta sauka sai ƙura ta turnuƙe ta rufe wa na bayanka ido. Sannan ga miƙaƙƙiyar hanyar baya mai tsawon kusan kilomita 1.8, tana gangarowa, mota ta sake jiki ta kai iyakar gudunta, a ƙarshenta kuma kwana ta 9 tana jira da katanga. Duk wanda birkinsa ya gaji a nan zai sani. Sai a 1969 aka gyara wannan kwanar aka faɗaɗa ta aka ɗan karkatar da hanyar shigarta don a rage haɗarin.

Kusan babu irin tseren da ba a yi a wurin ba. Gasar da jaridar Los Angeles Times ke ɗaukar nauyi ta fara a 1958, Chuck Daigh ya ci da mota ƙirar Scarab wadda aka ƙera a nan Kalifoniya, ya doke manyan motocin Turai. A watan Nuwamba na 1960 aka kawo gasar Formula 1 ta Amurka, Stirling Moss ɗan Ingila ya ci da Lotus, amma 'yan kallo ba su fito yadda aka zata ba, an riga an san zakaran shekarar, Ferrari ma ba su zo ba, sai gasar ta koma Watkins Glen a jihar New York shekara mai zuwa ba ta ƙara dawowa ba. Motocin gasar Kanada da Amurka ta Can-Am masu ƙarfin doki na fitar hankali sun yi ta zuwa daga 1966 zuwa 1973. Gasar IROC, wadda ake ba zakarun fannoni daban daban motoci iri ɗaya a ga wa ya fi, a nan ta fara a 1973.

Amma in ana maganar Riverside to sunan Dan Gurney ake fara kira. Iyayensa sun ƙaura zuwa garin Riverside yana matashi, filin ya zama kamar tsakar gidansu. Gasar NASCAR ta mil 500 da ake yi a watan Janairu ya ci ta a 1963, 1964, 1965, 1966, sannan 1968, sau huɗu a ciki da motar iyalan Wood. Ka duba fa, mutumin da aikinsa tseren Formula 1 ne a Turai, ya dawo gida hutu ya shiga ƙatuwar motar 'yan kudu mai nauyi ya doke su a sana'arsu shekara huɗu a jere. Direbobin kudancin Amurka a lokacin yawancinsu ba su saba da canja giya da taka birki a kowace kwana ba, shi kuma ya san kowane rami na hanyar. Daga 1970 zuwa 1981 a Riverside ake buɗe kakar NASCAR, kafin ma a je babban tseren Daytona a jihar Florida, daga baya kuma shekaru da dama a nan ake rufe ta a watan Nuwamba, wato a nan ake naɗa zakara. Tim Richmond a nan ya ci gasarsa ta farko a 1982, Ricky Rudd da Bill Elliott su ma a nan suka fara ci, dukkansu a 1983. Wanda ya riƙe ragamar filin wajen shekara 20 shi ne Les Richter, tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka na ƙungiyar Los Angeles Rams, kuma shi ya ƙulla zumuncin da ya sa NASCAR ta ɗauki wurin a matsayin gidanta na yammacin ƙasar.

Ba zan tsallake waɗanda suka mutu ba, don masu kewar filin na gaskiya ba sa tsallake su. Ran 19 ga Janairu 1964 Joe Weatherly, wanda shi ne zakaran NASCAR na 1962 da 1963, ya bugi katanga a kwana ta 6, kansa ya leƙa ta taga ya daki katangar, nan take ya cika. A lokacin babu ragar nan da ake sa wa a tagar direba, sai a 1971 ta zama dole. Shekara ɗaya bayan haka birki ya ƙwace wa A.J. Foyt a ƙarshen miƙaƙƙiyar hanyar nan, motar ta yi ta wuntsilawa, ya karye a baya amma ya rayu. Ran 17 ga Agusta 1966 Ken Miles yana gwada sabuwar motar Ford, ba ma ranar gasa ba ce, motar ta ƙwace a ƙarshen wannan hanyar ta kife ta kama da wuta. Wata biyu kacal kafin nan aka yi masa abin da har yau ake jayayya a kai a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, inda kamfanin ya sa motocinsa su ƙetare layin ƙarshe tare, nasarar ta suɓuce masa ta koma ga Bruce McLaren da Chris Amon, alhali a shekarar ya riga ya ci dogayen tseren Daytona da Sebring a Amurka. Da aka zo yin fim ɗin Ford v Ferrari da ya fito a 2019 dole aka nemi wani wuri aka ɗauki wannan ɓangaren, don ainihin wurin ya zama unguwa. A watan Afrilu na 1983 kuma Bajamushe Rolf Stommelen ya mutu a cikin Porsche 935 bayan fiffiken bayan motar ya karye yana tsakiyar gudu. Wannan ma yana cikin abin da ke ci wa mutane rai, wurin da mutane suka bar rayukansu yanzu ba wanda zai iya nuna maka shi da yatsa sai da taswira a hannu.

To me ya faru? Ba wai tsere ya daina jan mutane ba ne, shekarun 1980 ma lokacin ne NASCAR ke ƙara bunƙasa a talabijin. Abin da ya canja shi ne kewayen filin. Gidaje a Los Angeles da gundumar Orange suka yi tsadar da ma'aikaci mai matsakaicin albashi ba zai iya saya ba, sai magina suka fara duba gabas inda ƙasa ke da araha, kuma hanya mai lamba 60 da ake bi a zo kallon tsere ran Lahadi ita ce dai za a bi a tafi aiki ran Litinin. Mutum zai yarda ya yi tuƙin awa ɗaya da rabi ko biyu kullum safe da yamma in dai zai mallaki gida mai ɗaki uku da gareji da ɗan fili a baya inda yara za su yi wasa. A watan Disamba na 1984 ƙauyukan nan uku suka haɗe suka zama birnin Moreno Valley da mutane ƙasa da 50,000, zuwa ƙidayar 1990 sun kai 118,779, a shekara shida fa, ana lissafa shi cikin garuruwan da suka fi saurin girma a Amurka duka. A ƙidayar 2020 sun wuce 208,000. Filin da ke can daji shi kaɗai ya wayi gari a ƙofar shiga birni, daidai kusa da mahaɗar manyan hanyoyi biyu, ta 60 da ta 215, wato wurin da duk mai gina kanti ke mafarkin samu.

Akwai wani dalili da masu kewar filin ba su cika kawowa ba, kuma ni a ganina ya fi ƙorafin maƙwabta kan ƙarar inji nauyi, shi ne haraji. A 1978 mutanen Kalifoniya suka kaɗa ƙuri'a kan dokar da ake kira Proposition 13, wadda ta ƙayyade harajin gida da fili a kashi 1 cikin 100 na ƙimarsa, kuma ta hana a riƙa ɗaga ƙimar da fiye da kashi 2 a shekara sai in an sayar. Masu gida sun ji daɗi, amma hukumomin birane kuɗin shigarsu ya ragu sosai, sai suka koma dogaro da kasonsu na harajin saye da sayarwa. Ma'ana sabon gari mai cike da gidaje kawai, ba shaguna, gari ne mai ɗawainiya ba kuɗin shiga, yana buƙatar tituna da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana amma mutanensa a wani gari suke kashe kuɗinsu harajin ya tafi can. Ka sa kanka a kujerar majalisar sabon birni irin wannan, a gabanka ga eka 500 a wuri mafi kyau a garin, ana cika shi da mutane 'yan kwanaki a shekara, sauran ranakun gwajin motoci ne da makarantar tuƙi da ƙananan kulob kulob, a ɗaya gefen kuma ga wanda ya zo da zanen kanti da zai riƙa sayar da kaya kwana 365 yana kawo haraji da aikin yi. Ba sai an tambaye ka wanne za ka sa wa hannu ba.

Shi ma mai filin lissafin ke nan a gabansa. A farkon shekarun 1980 ragamar wurin ta koma hannun Fritz Duda, wanda harkarsa filaye ne da gine-gine, duk da shi ma ya daɗe cikin harkar tseren. Filin ya tsufa, yana buƙatar sabuwar kwalta da katangu da wuraren zaman 'yan kallo na zamani, kuɗin inshora yana ta hawa, kuma kuɗin tikiti ko an cika wurin maƙil ba zai taɓa kamo abin da ƙasar za ta kawo in an yanka ta ba. An yi ta maganar za a gina wani sabon fili a madadinsa a wani wuri cikin yankin, aka duba wurare, ba a gina ba. Ran 12 ga Yuni 1988 aka yi gasar NASCAR ta ƙarshe, Rusty Wallace ya ci. Daga nan katafila ta shiga, aka datse wani sashe na hanyar aka bar guntu ƙananan kulob suna amfani da shi, har farkon Yuli 1989 da aka rufe ƙofa gaba ɗaya, kuma a wannan ƙarshen mako na ƙarshe ma an rasa direba ɗaya kamar yadda aka rasa a na farko.

Abin da ya rage kaɗan ne ƙwarai. Tsohon ginin ofis ya tsaya har wajen 2005 shi ma aka rushe aka yi gidaje. A wata unguwa kusa da wurin an sa wa wasu layuka sunayen manyan 'yan tsere irin su Gurney da Andretti da Penske da Donohue. An taɓa buɗe gidan tarihi mai zaman kansa a garin Riverside da aka tara motoci da hotuna da kayan filin, amma bayan rasuwar wanda ya kafa shi aka rufe a 2016 kayan suka watse. Wurin da filin ya fi rayuwa yanzu shi ne cikin kwamfuta, masu wasan tseren kwaikwayo sun zauna da tsofaffin hotunan sama da bidiyo sun sake gina shi kwana bayan kwana, har da tudun da ake hawa zuwa kwana ta 6, yaro a ko'ina a duniya zai iya zagaya shi a ɗakinsa.

Ni dai ban ga laifin mutanen da suka sayi gidajen nan ba, kuma ba na jin daɗin yadda wasu masoya tsere ke zaginsu kamar su suka ƙwace wani abu. Iyalai ne masu neman inda za su sa haƙarƙarinsu, da yawansu ba su taɓa mallakar gida ba sai a nan, kuma mai jariri a ɗaki yana da haƙƙin ya ce ƙarar ta dame shi ko da kuwa ya tarar da filin a wurin. Inda nake ganin an yi sakaci shi ne tun farko babu wanda ya tanadi komai, ba a ware wani yanki a kewayen filin an ce nan masana'antu ko sito za a yi ba gidajen kwana ba, ba a rubuta wata doka mai kare wanda aka tarar ba, kuma da aka zo rushewa ba a bar ko kwana ɗaya a cikin wani lambu don tarihi ba, alhali cikin eka 500 barin eka biyar ba zai karya kowa ba. Duk wanda ya tashi a unguwar da filin ƙwallonsu ya wayi gari an kafa masa turaku an yanka shi fuloti fuloti ya san irin wannan ɗacin, ba ka da takardar da za ka nuna ka ce naka ne, amma an ɗauke maka wani abu.

Kuma Riverside ba shi kaɗai ba ne a yankin. Ontario Motor Speedway da aka kashe wa dala miliyan 25.5 aka buɗe a 1970, wanda aka kwaikwayi shahararren filin tseren Indianapolis wajen gina shi, shekara 10 kawai ya yi, a ƙarshen 1980 aka sayar wa sashen filaye na kamfanin Chevron aka rushe. Lions Drag Strip ya tafi a 1972, filin gundumar Orange a 1983, Ascot Park a 1990, Irwindale a ƙarshen 2024. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na Fontana, don shi aka gina ya cike gurbin Riverside da Ontario, Roger Penske ya gina shi a kan tsohuwar masana'antar ƙarfe ta Kaiser aka buɗe a 1997, da Les Richter ɗin nan a cikin masu jan aikin. An zaɓi wurin da ba mai son zama, gurɓatacciyar ƙasar masana'anta, ana ganin an tsira. Sai kasuwancin intanet ya zo da yunwar manyan sito na ajiyar kaya kusa da tashar jiragen ruwa ta Los Angeles, ƙasar ta sake yin tsada, NASCAR ta sayar da eka 433 a kan kuɗin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 500, aka yi gasar ƙarshe a watan Fabrairu 2023, Kyle Busch ya ci, aka fara rushewa a shekarar.

Tseren da ya daɗe a kudancin Kalifoniya ba tare da an taɓa shi ba shi ne na Long Beach, wanda ake yi tun 1975, kuma shi ba shi da fili ko eka ɗaya da za a saya, titunan gari ake rufewa na 'yan kwanaki a jera katangun siminti a yi tsere a kwashe. NASCAR ma da ta so dawowa Los Angeles daga 2022 zuwa 2024 cikin filin wasa na Coliseum ta shiga, ta shimfiɗa kwalta ta wucin gadi mai zagayen mita 400 a kan filin ƙwallon, aka yi tseren, bayan an gama kowace shekara a fasa kwaltar a kwashe a mayar wa masu filin da abinsu.